Tsufan Jita Ba a Kanti Ake Sayensa Ba

Jama'a, wannan yayi na sayen sabuwar jita da aka tsofar da ita da gangan ya ishe ni. A ƙera jita fes, a fesa mata fenti mai sheƙi, sannan a miƙa ta ga wani ma'aikaci ya bi ta da samfefa, ya kankare gefen da hannu ke gogawa, ya tsattsaga fentin da reza, ya turara ƙarafunanta da asid su yi tsatsa, ya jibga mata tarin makullai don ta lotsa, wani lokaci har a ɗora mata ƙunar sigari a ka. In an gama wannan ta'adi sai a ƙara mata kuɗi. Mai saye ya biya, ya rataya ta a wuya, ya tsaya gaban kyamara yana yatsina fuska tamkar wanda ya shekara 30 yana yawon kiɗa, alhali jitar ba ta taɓa ƙetare ƙofar ɗakinsa ba. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, cikin jitocin da ake kwaikwayon tabonsu har da ta Rory Gallagher, makaɗin jitar nan ɗan ƙasar Ailan.

Ku da muke sauraren wannan kiɗa tare kun san jitar da nake nufi. Stratocaster ce ƙirar 1961, wadda ya saya a 1963 a kantin Crowley da ke birnin Cork na ƙasar Ailan, yana ɗan shekara 15. Ta hannu ce, amma duk da haka fam 100 aka yi mata kuɗi, kuma kaɗan-kaɗan aka riƙa biya don yaron ba shi da su. Da cikakken fentinta ya ɗauko ta, baƙi a gefe, yana sirkawa zuwa ja da ruwan zuma a tsakiya. Zuwa ƙarshen rayuwarsa fentin ya kusa ƙarewa, sai ɗan ɓurɓushi nan da can a kan katako tsirara. Babu wanda ya sa mata samfefa. Gumi ne ya cinye shi, da gogar hannu, da dare bayan dare a kan dandamali. Ƙaninsa Donal, wanda ya zama manajansa, ya sha faɗin cewa gumin Rory mai kaifi ne, yana narkar da fenti. Wuyan jitar ma ya taɓa jiƙewa da gumi har sai da aka kwance shi aka ajiye ya bushe. An taɓa sace ta a Dublin, aka yi cigiya a wani shirin 'yan sanda na talabijin, daga baya aka tsince ta a yashe, ruwan sama ya dake ta. Kowane tabo a jikinta akwai ranar da aka same shi da garin da aka same shi.

To wannan ce kamfanin Fender yake fitar da kwafinta, kankara bisa kankara, lotsa bisa lotsa, a kan dubban daloli. Kuma abin takaici, a 1995 kamfanin ya fito da jerin jitocinsa na tsufan ƙarya da ya sa wa suna Relic, a shekarar da Rory ya bar duniya. Tun daga nan abin ya zama ruwan dare. A 2009 suka ƙara da masu sauƙin kuɗi da ake ƙerawa a Meziko, mai suna Road Worn, don talaka ma ya samu ya yi ado da wahalar da bai sha ba. Kamfanin Gibson ya buɗe nasa sashen na Murphy Lab, inda har zaɓi ake ba ka: tsufa ɗan kaɗan kake so, ko matsakaici, ko wanda ya yi raga-raga? Ka zaɓi shekarunka, ka biya, a naɗe maka.

Bari in tuna wa masu wannan ado abin da ya sa fentin Rory ya goge. Yana yaro ya shiga wata ƙungiyar makaɗan rawa mai suna Fontana, irin masu sa kwat iri ɗaya suna bin ɗakunan rawa na ƙauyukan Ailan suna maimaita waƙoƙin da ake yayi. Ba irin kiɗan da yake so ba ne, amma a nan ya koyi tsayuwa gaban jama'a sa'o'i da yawa a dare guda. Da su ya je Ingila da Sifen, ya kuma yi zaman kiɗa a Hamburg. A 1966 ya kafa ƙungiyar mutum uku mai suna Taste. Su suka share fage a wasan bankwana na ƙungiyar Cream a ɗakin Royal Albert Hall na Landan a 1968, suka kuma girgiza taron tsibirin Wight a 1970. Da Taste ta watse ya ci gaba da sunansa, tare da Gerry McAvoy wanda ya shekara 20 yana kaɗa masa jitar bes. Daga nan sai hanya: Ingila, Jamus, Faransa, Amurka, Japan, a dawo gida, a sake ɗaukar hanya. Riga mai gidan dara, wandon jins, da wannan jita a wuya. A 1972 masu karanta jaridar kiɗa ta Melody Maker suka zaɓe shi gwarzon makaɗin jita, ya wuce Eric Clapton. A ƙarshen 1971 kuma Muddy Waters, ɗaya daga iyayen blues na Shikago, ya zo Landan ɗaukar faifai, Rory na cikin waɗanda aka kira su kaɗa masa.

Sai kuma Belfast, wadda ita ce ta sa nake ganin kwaikwayon wannan jita ya wuce rashin kunya. A lokacin rikicin Arewacin Ailan, da bama-bamai ke tashi a cikin gari, manyan mawaƙa suka ƙaurace wa birnin. Shekarar 1972 ita ce mafi muni, an kashe mutum kusan 500 a cikinta. A ranar farko ta wannan shekara Rory yana kan dandamalin Ulster Hall, matasan Katolika da na Furotesta cunkushe a ɗaki guda suna tsalle. Bai daina zuwa ba. Faifansa na Irish Tour '74, wanda Tony Palmer ya ɗauki fim ɗinsa, a Belfast da Dublin da Cork aka naɗe shi. Kuma ba a ce makaɗa sun tsira daga wannan bala'i ba: a watan Yuli na 1975 'yan bindiga suka tare motar ƙungiyar Miami Showband da dare suna dawowa daga wasa, suka kashe uku daga cikinsu. Cikin wannan hali mutumin ya ci gaba da ɗaukar jitarsa yana komawa Belfast. Wannan ma yana cikin abin da ya goge fentin. A wane kanti ake sayar da shi?

Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Mutanenmu na yanzu zomon suke so a soye, a kawo musu har gida. Ku dubi ƙotar fartanyar manomi da ta yi sumul, ta yi duhu a daidai inda tafin hannunsa ke kamawa. Babu manomin da zai je wurin maƙeri ya ƙara kuɗi don a goge masa ƙota ya zama kamar ya yi damina goma yana noma, domin ya san ranar da aka shiga gona kunya za a kwasa. Amma mu masu jita mun mai da wannan abin alfahari.

Kuma cutar ba a fenti ta tsaya ba, ta shiga kiɗan kansa. Buɗe Instagram ko TikTok ka gani: yaro ya zauna a gefen gado da jitarsa mai tsufan kanti, ya zuba gudun yatsu na daƙiƙa 40, wanda ya ɗauka ya goge, ya sake ɗauka ya yanke ya liƙa har ya fito ba tangarɗa. Yatsun suna da sauri, ban musa ba. Amma ka ɗora shi gaban mutum 200 da suka biya kuɗin shiga, tsirkiya ta tsinke masa a tsakiyar waƙa, na'ura ta fara kuka, mai ganga ya ƙara wuta, a nan za a san ko ya iya. Rory ya gina sunansa ne a kan abin da ba a gogewa a sake. Faya-fayansa da suka fi shiga zukatan mutane, Live in Europe na 1972 da Irish Tour '74, duka a gaban jama'a aka ɗauke su. Yakan yi sa'a biyu zuwa uku yana wasa, ya ajiye ta lantarki ya ɗauki ta katako, ya ɗauki mandolin, ya busa hamonika, ya zura ƙarfe a yatsa yana jan tsirkiya tana kuka. Ya ƙi yarda a riƙa yanko masa waƙa guda ana fitarwa a ƙaramin faifai don neman shiga jerin waƙoƙin kasuwa. Ya taɓa kammala faifai cur a San Faransisko, ya saurara ya ji an yi masa kwalliya da yawa, ya ajiye shi. Sai a 2011 aka fito da shi, shekara 16 bayan mutuwarsa. A farkon 1975, bayan Mick Taylor ya bar ƙungiyar Rolling Stones, an gayyace shi Rotterdam ya kaɗa da su, ya yi 'yan kwanaki, ya kama hanyar Japan domin akwai mutanen da suka sayi tikiti suna jiransa. Mutumin da ya yi wannan ne yau ake buga hoton guminsa a masana'anta.

Har waƙoƙin da ya rubuta na matafiyi ne. Tattoo'd Lady a kan masu wasan baje koli take, waɗanda ke kafa tanti yau gobe su naɗe su ƙara gaba. A Million Miles Away waƙar kaɗaici ce a tsakiyar cunkoso. Philby ya ɗauko ta daga labarin ɗan leƙen asirin nan na Birtaniya da ya gudu Mosko, domin Rory mai yawan karanta littattafan leƙen asiri da na 'yan sandan ciki ne, abokan zamansa a ɗakunan otal. Wanda bai kwana a garuruwa barkatai ba, ba zai rubuta irin waɗannan ba, ko da jitarsa ta fi ta kowa kankara.

Na san abin da za ku ce. Za ku ce wuyan da aka goge ya fi daɗin riƙo, kuma fentin zamani mai tauri ne kamar roba, ba ya gogewa irin siririn fentin da ake fesawa kafin ƙarshen shekarun 1960, ga shi tsofaffin jitoci na ainihi sun fi ƙarfin aljihun kowa. Na yarda, kuma masu aikin tsofarwar gwanaye ne a sana'arsu. To a goge bayan wuyan don daɗin hannu. Ƙunar sigarin fa, wane sauti take ƙarawa? Tsatsar kusoshi fa?

Ba kuma cewa nake yi kowa ya bi hanyar Rory har inda ta kai shi ba. Hanyar nan ta ci shi. Bai yi aure ba. A shekarunsa na ƙarshe tsoron hawa jirgin sama ya kama shi, ga magungunan da ake rubuta masa, ga barasa, suka haɗu suka lalata masa hanta. A watan Janairu na 1995 ya yi wasansa na ƙarshe a Holan, jikinsa ya gaza. Aka yi masa dashen hanta a Landan, wata cuta ta shige shi yana jinya, ya mutu ranar 14 ga Yuni, 1995, yana da shekara 47. Wannan shi ne kuɗin da aka biya na tabon da ke jikin waccan jita, kuma shi ya sa nake jin zafi in na ga an mai da shi kayan ado. A watan Oktoba na 2024 aka yi gwanjonta a Landan, ta tashi a kan kusan fam dubu 890, wanda ya saya kuma ya saye ta ne don a miƙa ta ga gidan tarihi na ƙasar Ailan. Daga fam 100 zuwa wannan kuɗi, abin da aka saya shekara 30 ne da ɗoriya na aikin mutum guda. A farkon 2025 aka kafa mutum-mutumin Rory a bakin Ulster Hall, domin mutanen Belfast ba su manta wanda ya zo musu lokacin da kowa ke gudu ba.

Wanda yake ganin irin wannan tafarki ya mutu, ya dubi makaɗan jita na Abzinawan Nijar. Bombino da Mdou Moctar a wuraren biki suka goge, cikin ƙura, da janareto, gaban mutanen da in ba ka iya ba za su bar maka fili. Mdou da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta fari. Yau su ke cika ɗakunan wasa a Turai da Amurka, kuma da ka ji sautinsu ka san hanya ce ta ba su shi.

Don haka ƙannena masu tasowa, ku sayi jitar da aljihunku ya kai, sabuwa ko ta hannu, mai sheƙi ko marar sheƙi. Ragowar kuɗin da za ku biya a kankare muku ita, ku sayi tsirkiya, ku zuba mai a mota, ku nemi mai ganga da mai bes. Ku kaɗa a inda aka kira ku, ko mutum 20 ne suka zo, ku yi kuskure a gaban jama'a ku gyara a gaban jama'a. In Allah ya ba ku tsawon rai a sana'ar, jitar za ta tsufa da kanta, kuma duk wanda ya tambaye ku inda wani tabo ya samo asali, za ku iya faɗa masa sunan garin.