Bakaniken da Ke Kwantar da Rawar Sitiyari

Direbobin da ke bin hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit, da masu ratsa Tenere zuwa Dirku, sun san wata cuta ta manyan motocin daji da ba ta sallama kafin ta shigo. Mota na tafiya lafiya lau a kan gudun kilomita 80 ko 90, sai tayar gaba ɗaya ta daki bakin rami ko inda kwalta ta yanke. Nan take sitiyari ya kama kaɗawa dama da hagu kamar zai ƙwace daga hannu, gaban motar duka ya ɗauki rawa. Ba ta lafawa sai an sauke gudu sosai, wani lokaci sai an tsaya cak. Direba ya sauko ya leƙa ƙarƙashi, bai ga abin da ya karye ba. Ya tashi motar, ta tafi sumul kamar ba ita ba, sai kuma wani ramin.

Amurkawa na fama da ita a Jeep Wrangler da manyan akori-kura na Ford, har suna kiranta rawar mutuwa. A Sahara kuwa Land Cruiser take kamawa, musamman samfurin 70 da Toyota ta fara fitarwa a 1984, da samfurin 80 na 1990. Dukansu tayoyin gabansu a kan ƙarfe guda suke, aksul ɗaya miƙaƙƙe daga dama zuwa hagu. Wannan ƙirar ce ta sa suke jure lodi da gargada, ita ce kuma ƙofar cutar: abin da ya girgiza taya ɗaya sai ya bi ta aksul da tayarod ya isa ɗayar, ita ma ta mayar da martani, su yi ta jifan juna sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Hilux ta zamani, da kowace tayar gabanta ke da nata hannu, ba ta cika yin irin wannan ba.

Kowane gareji zai ce ya iya gyaranta. Kaɗan ne suka iya. Kuma tun kafin a ɗauko sifana ake gane gwanin, domin shi da tambaya yake farawa. A wane gudu take zuwa? Da kanta take tasowa, ko sai an daki rami? In ka ƙara wuta tana wucewa? Yaushe aka sa sababbin tayoyi? An ɗaga motar? Da amsoshin nan ya raba cuta biyu da jama'a ke gwamutsawa. Kakkarwar da ke zuwa a gudu ɗaya kullum, ta ɓace in an haura shi ko an sauko, yawanci ta taya ce: balansin ya gudu, ko rim ya lanƙwashe, ko laka ta bushe a cikinsa, aikin falkanaiza ke nan. Wadda rami ke tayarwa, ta ƙi mutuwa sai an kusa tsayawa, ita ce babbar, kuma yawanci ma'anarta wani abu ya saki a ƙarƙashi.

Daga nan sai gwajin da ya fi burge ni, wanda ba ya bukatar kwamfuta ko wata na'ura. Ba a ɗaga motar a jak. Ana barinta a ƙasa da nauyinta a kan tayoyi, yaron gareji ya shiga ya riƙa juya sitiyari kaɗan-kaɗan, dama, hagu, dama, hagu, ba tsayawa. Maigidan ya shimfiɗa kwali ya kwanta a ƙarƙashi, ya riƙa ɗora tafin hannu a kan kowace gaɓa, ɗaya bayan ɗaya. Ido bai cika ganin motsin da bai kai milimita ɗaya ba, amma hannu na jinsa, wani ɗan ƙwas da ke zuwa daidai lokacin da sitiyari ya sauya gefe. Za ka ji yana cewa, “Kai yaro, a hankali. Kar ka tsaya sai na ce.” Dalilin barin motar a ƙasa shi ne tayar da ke manne da ƙasa tana turjewa, turjiyar ce ke tilasta wa gaɓar da ta saki ta tona kanta. A sama kuwa komai juyawa yake salin-alin, mai laifi ya ɓuya cikin masu gaskiya.

Inda hannun ke fara zuwa a samfurin 80, da samfurin 70 na 1999 zuwa yau masu naɗaɗɗen sifirin a gaba, shi ne sandar fanhad, ƙarfen da ya gitta daga shasi zuwa aksul. Aikinta ɗaya ne, ta hana aksul zamewa gefe. In bushin ɗinta ya ci ko notinta ya yi sako-sako, aksul gaba ɗaya ya samu wurin lilo, kuma duk lilon da ya yi tamkar an murɗa sitiyari ne ba da sanin direba ba. A nan ma akwai tarko. Kusar da ta daɗe tana wasa takan cinye raminta, ramin ya tashi daga zagaye ya miƙe. Wanda bai sani ba zai sa sabon bushin, ya ɗaure, ya karɓi kuɗinsa, bayan mako biyu rawa ta dawo. Gwani sai ya zare kusar ya duba ramin, in ya buɗe ya sa a yi masa walda da ƙarfe mai kauri a sake hudawa. A tsofaffin motoci masu sifirin na falle-falle, babu wannan sandar, sai ya koma kan bushin ɗin sifirin da kusoshin da suka rungume aksul.

Sai kawunan tayarod, da sandar da ta taso daga akwatin sitiyari. Waɗannan ba su da wuyar kamawa.

Bayan haka ne ake kawo jak. A kama taya sama da ƙasa a girgiza. In ta motsa, ko dai boris ɗin taya ne ko na kinfin, wato boris biyun da kan aksul ke juyawa a kansu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Yadda ake rarrabewa akwai hikima: yaro ya taka burki, a sake girgizawa. Burki na ƙulle taya da kan aksul, don haka in motsin ya ɓace na boris ɗin taya ne, in yana nan na kinfin ne. Kuma ba a ɗaure boris ɗin kinfin na Land Cruiser da ka. Wasu siraran faranti ake ƙarawa ko a rage har juyawar ta yi ɗan tauri daidai yadda Toyota ta ƙayyade, a auna da ƙaramin sikeli mai ƙugiya, a ja a ga kilo nawa ya ɗauka kafin ya motsa. Taurin nan shi ke shanye girgiza tun tana ƙarama. Na sha ganin sikelin auna kaya a rataye a gareji, baƙo ya ɗauka ajiyar wani ɗan kasuwa ce.

Akwai kuma motar da za a bi gaɓoɓinta kaf a same su garau, amma tana rawa. A nan ake gane wanda ya fahimci mota da wanda ya haddace sassanta kawai. Dubi ƙahon keke: bai tsaya cir ba, ya ɗan kishingiɗa baya, shi ya sa yaro ke sakin hannu keken ya ci gaba da miƙewa. Tayoyin gaban mota ma haka aka kishingiɗar da madogararsu da 'yan digiri kaɗan, abin da masu alaimen ke kira kasta. Mai mota ya je ya sa dogayen sifirin don ya ɗaga ta saboda yashi da kwazazzabai, aksul ya ɗan mirgina gaba, kasta ta ragu, tayoyi suka rasa abin da ke dawo da su tsakiya. A ƙara manyan tayoyi masu nauyi, an gama haɗa wa rawa ganga. Maganin shi ne a mayar da kusurwar da bushin na musamman ko faranti, ko a sa ƙarfe mai tsini tsakanin aksul da sifirin na falle-falle.

Abin da gwanin ba zai yarda ya fara da shi ba shi ne shokazobar sitiyari, wannan da ke kwance a gaba. Ita ce mafi sauƙin sayarwa, don sabuwa takan danne rawar na ɗan lokaci, mai mota ya tafi yana sa albarka. Ko kamfanin Jeep, da koke ya yi yawa a 2019, sauya ta ya yi wa masu sabuwar Wrangler kyauta. Amma a tsohuwar motar da ta sha Tenere, danne rawa ba kashe ta ba ne: gaɓar da ta saki tana nan tana ci gaba da cin kanta a ɓoye. Motar da gabanta ke lafiya ba ta rawa ko da an cire shokazobar. A ganina, bakaniken da ya ce wa mai mota “Alhaji, wannan ta ƙarshe ce, bari mu nemo ainihin ciwon tukuna,” ya bar kuɗin hannu ya zaɓi aikin yini guda, ya cancanci ladan aikin da ya yanka ba tare da ciniki ba.

Sau da yawa ma ba mai laifi ɗaya ake kamawa ba. Bushin ya ɗan ci, tayarod ya ɗan saki, taya ɗaya ta fi 'yar'uwarta iska tun da aka sace iskar don hawa rairayi aka mayar da ita da ka. Kowanne shi kaɗai ba zai yi komai ba, haɗuwarsu ce matsalar. Shi ya sa gwani ba ya tashi daga kan kwalin don ya samu na farko. Yana duba kusoshin da suka riƙe hannun sitiyari a jikin kan aksul, waɗanda gargada ke kwancewa, ya goge shasi a kewayen akwatin sitiyari ya haska tocila, domin a samfurin 80 wurin kan tsage, tsagar kuma siririya ce, giris da ƙura na rufe ta. Notin bushin kuwa ba ya ƙarasa ɗaure su sai an sauke motar ta zauna a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Kuma ba ya miƙa makulli sai ya fita da motar da kansa ya nemi rami ya daka a gudun da direban ya ambata.