Kalandar Gwamnonin Gombe: Fuska Kaɗai Ba Ta Isa Tarihi Ba

Duk mai shiga kasuwa ya san kalandar nan da ake tallarta, mai ɗauke da hotunan waɗanda suka mulki Jihar Gombe tun kafuwarta ranar 1 ga Oktoba, 1996. Tana rataye a shagunan teloli da wajen masu shayi, kuma irin hotunan ne yaranmu ke tura wa juna a WhatsApp. Masu buga ta sun kyauta da suka adana fuskokin. Amma aikin nasu ya tsaya rabin hanya, kuma rabin da suka bari shi ne mai amfanin.

Ga yadda ake jera su: kantomomin soja biyu, Joseph Orji da Mohammed Bawa, sai Alhaji Abubakar Habu Hashidu daga 1999 zuwa 2003, Danjuma Goje zuwa 2011, Ibrahim Hassan Dankwambo zuwa 2019, sannan Inuwa Yahaya. Kowa cikin akwatinsa, da babbar riga ko kakin soja, da shekaru biyu a ƙarƙashi. Shi ke nan fa. Yaron da ya kalli wannan jeri zai ɗauka kowane ɗayansu daga sama ya faɗo, ya yi nasa ya tafi.

Ba haka abin yake ba. Dankwambo ya riƙe muƙamin Akanta Janar na jihar nan kafin ya zama na Tarayya a 2005. Inuwa Yahaya kwamishinan kuɗi ne a gwamnatin Goje, ya tsaya takara a 2015 bai samu ba, sai a 2019. Goje da ya hau kujera a PDP daga baya ya koma APC, kuma tun 2011 yake Majalisar Dattawa. Ka ga ke nan mutanen sun yi aiki tare, sun raba gari, wasu sun sake haɗuwa. Wanda bai san wannan ba, in an ce masa wane ne ya ci bashi ko wane ne ya gyara, ba shi da abin aunawa, sai ya bi mai ƙarfin murya.

Akwai kuma darasin 2003, shekarar da gwamna mai ci, marigayi Hashidu, ya rasa kujerarsa a zaɓe. Wannan ya cancanci layi guda a ƙarƙashin hotonsa, don matasa su san kujerar ba gadon kowa ba ce.

Sai waɗanda aka shafe gaba ɗaya. Ina mataimakan gwamna daga kudancin jihar, irin su Joshua Lidani da John Lazarus Yoriyo? Jihar ba ta Gombawa kaɗai ba ce, da Tangale da Waja da Tera da sauransu aka gina ta. Ina kuma shekarun da muke ƙarƙashin Bauchi daga 1976, da zamanin Tatari Ali, da lokacin da sai an je Maiduguri a ga gwamna? Garin nan ya zama mazaunin sarki tun 1919, kuma kakannin da yawa daga cikinmu cinikin auduga da gyaɗa ne ya kawo su. Kalandar ta sa tarihinmu ya zama kamar ɗan shekara talatin.

Abin da ya fi damuna shi ne zaɓen hotunan da ake yaɗawa. Za ka ga ana yanka zare, ana aza harsashi, ana rungumar baƙi. Gaskiya ne an kafa Jami'ar Jihar Gombe a 2004, an yi filin jirgin Lawanti, an shimfiɗa tituna, kuma mai aiki ya cancanci yabo. To amma a shekarun ne 'yan Kalare suka addabi garin nan, har ƙungiyar Human Rights Watch ta sa batunsu a rahotonta na 2007. Mu 'yan kasuwa kuma ba mu manta bama-baman da suka tashi a kasuwa ranar 16 ga Yuli, 2015 ba, ana tsaka da sayayyar sallah. Waɗannan ma tarihin mulki ne, ko da ba su yi kyau a bango ba.

A Islamiyya an koya mana cewa labari sai da isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji? Haka hoto. Wa ya ɗauka, yaushe, a ina, me ake yi? Hoton da babu wannan, duk wanda ya ga dama zai liƙa masa labarin da ya so, balle yanzu da waya ke iya sa mutum kusa da wanda bai taɓa gani ba.

Shawarata ga masu bugawa: ku rage girman hula, ku ƙara rubutu. Layi uku sun isa kowane hoto, jam'iyyarsa, abin da ya gina, da abin da ya faru da talaka a zamaninsa. Mu kuma dattawa, masu tsoffin hotuna a akwati, mu rubuta suna da shekara a bayansu tun muna da rai. Yaran da aka haifa bayan 2003 su ne masu ƙuri'a yanzu, kuma abin da muka bar musu shi za su yi hukunci da shi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, ya ba mu shugabanni masu tausayi.