Wa Ya Faɗa? Nazari a Kan Rubutun Titi na Jenny Holzer

A cikin 1965 Joseph Kosuth ya jera kujera da hotonta da ma'anar sunanta daga ƙamus, ya ce ga aikin fasaha, watau tunani shi ne aikin, ba abin da hannu ya sassaƙa ba. Amma wannan a ɗakin nuni ne. Wadda ta fid da kalma bakin titi, har ya kamaci mai nazarin harshe ya dube ta, ita ce Jenny Holzer, mutuniyar Amurka.

Daga 1977 zuwa 1979 ta tsara gajerun jimloli fiye da 200, ta kira su Truisms, watau gaskiyar da kowa ya sani. Ta buga su a farar takarda bisa jerin abacada, ta riƙa manna su a bangayen birnin New York, ba sa hannu. Ginin jimlolin irin na karin magana ne: ba "ni", ba lokaci, hukunci ne kurum a taƙaice. Sai dai karin magana tana da masu ita. In mun ce "Hausawa sun ce", jama'a ce ta tsaya wa maganar. Ko rubutun bayan babbar mota, an san direban da ya zaɓe shi. Holzer kuwa ta ari rigar karin magana ta sa wa ra'ayoyi masu karo da juna, wani na mai tawaye, wani na mai mulki, kuma jerin abacada bai fifita ko ɗaya ba. Tilas mai wucewa ya yanke wa kansa wanda zai gaskata. Waɗansu sun soke layin da suka ƙi, waɗansu sun rubuta amsa a gefe. A ganina nan ne ƙarfin aikin yake.

A 1982 aka haska waɗansu jimlolin a babban allon lantarki na dandalin Times Square, inda aka saba tallan kaya. Masu sharhi sun yaba, gama maganar zaluncin masu iko ta hau mumbarin 'yan kasuwa. Lalle akwai gwaninta a ciki, amma an yi hasara wadda ba a cika ambata ba: ba mai iya kai alƙalami can sama. Mai karatu ya koma ɗan kallo.

Daga baya aka sassaƙa jimlolin a kan bencin dutse, kuma a 1990 ta ci babbar lambar bikin nunin fasaha na Venice. Ba na ƙin ta da ɗaukaka, amma tambayar "wa ya faɗa?" ta sami amsa, amsar kuwa sunan shahararriya ce. Jimlar da aka ƙera don a yi gardama da ita, yanzu mai gadin gidan nuni ke tsaron ta.