Kulle da Mabuɗi a Wasannin Zelda: Kwatanci Tsakanin Tsofaffi da Sababbi

Nufin wannan takarda shi ne a kwatanta waɗansu daga cikin wasannin kwamfuta waɗanda kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya ke fitarwa da sunan The Legend of Zelda, tun daga na farko wanda Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka suka tsara a shekarar 1986. Galibin masu gardama a kan waɗannan wasanni su kan tsaya ne ga tambayar wanne ya fi kyaun zane, ko wanne ya fi daɗin labari. Tambayar labari ba ta kai mutum nesa, domin labarin kusan ɗaya ne kullum: mugu Ganon ya yi wa ƙasar Hyrule ƙawanya, gimbiya Zelda ta shiga wani hali, yaro Link, wanda ba a jin maganarsa, ya ɗauki takobi ya tafi ceto. Duk wanda ya taɓa jin tatsuniyar Gizo guda daga bakin tsofaffi biyu ya san ba ƙashin labarin a ke sauraro ba, yadda aka jera shi a ke sauraro. Gaskiya ne kamfanin ya buga littafi a 2011, Hyrule Historia, inda ya yi ƙoƙarin jera wasannin bisa tarihi guda har tarihin ya rabu reshe uku, amma wannan aiki bai fi a zauna a tantance ko a wace tatsuniya Gizo ya fara auren Ƙoƙi ba.

Vladimir Propp ya nuna a 1928 cewa tatsuniyoyin Rasha na al'ajabi suna da matakai 31, kuma matakan ba su sāɓa jerinsu. To, mai tatsuniya shi ke riƙe da jerin, yara sai sauraro. A wasan kwamfuta kuwa mai sauraron shi ne ke tafiyar da jarumin da hannunsa. Saboda haka tambayar da ta dace da Zelda ita ce: wa ke da ikon jerin, mai tsara wasa ko mai wasa? A kan amsar wannan tambaya ne wasannin suka bambanta ƙwarai.

A wasan 1986 an raba ƙasar gida 128, kowane gida cikin fuskar talabijin guda. A kan ajiye Link tsakiyar daji hannu sake, da bakin kogo a gabansa, ba wanda zai ce masa ga hanya. Akwai gine-gine tara a ƙarƙashin ƙasa, kowanne da ɗakuna masu yawa da babban dodo a ƙarshe. A nan za a kira su gidajen dodanni. Waɗansunsu a kulle su ke sai da wani kaya. Ba a isa na huɗu sai da ɗan jirgin gungume da ke cikin na uku, ba a kuwa ganin ƙofar na bakwai sai an busa sarewar da ke cikin na biyar, tafki ya ƙafe. Amma na takwas, wanda ya sayi kyandir a kanti ya ƙone ɗan itacen da ya rufe ƙofarsa yana iya shiga tun bai taka na farko ba, in ya ga zai iya. Watau kulle akwai shi, amma kaɗan ne, ba a kuwa nuna wa mutum inda ya ke.

A Link to the Past na 1991 da Ocarina of Time na 1998 su ne suka mai da kulle ginshiƙin wasa. Tsarin da suka kafa ga shi. A tsakiyar kowane gidan dodo akwai babban akwati da kaya guda a ciki, baka, ko guduma, ko ƙugiya mai sarƙa. Kafin a samu kayan mutum zai yi ta wuce ƙofofin da ba shi da dabarar buɗe su. Da ya samu sai a ba shi ɗaki mai sauƙi ya gwada, sa'an nan mai wuya, daga ƙarshe dodon gidan, wanda galibi ba ya faɗuwa sai da wannan kaya. Malaman kwalejin horon malamai za su gane wannan tsari da kallo ɗaya, gama shi ne na darasi: gabatarwa, aiki, jarrabawa. Ta fuskar nahawu kuwa, kowane kaya aikatau ne wanda ba shi da karɓau sai ɗaya ko biyu. Nakiya ta fasa bango mai tsaga, ƙugiya ta kama itace, kibiya ta soki idon da ke bisa ƙofa. Mai wasa yana tara kalmomi ne ɗaya bayan ɗaya, a jerin da aka ƙayyade masa.

Amfanin wannan ƙayyadewa ya bayyana sarai a Ocarina of Time. Mai wasa ya kan fara shiga kasuwar birnin Hyrule yana yaro, ya tarad da ita cike da jama'a, ana ciniki, kiɗa na tashi, karnuka na yawo da dare. Sa'ad da ya zare takobin da ke cikin haikali sai a rufe shi shekara bakwai, ya fito babban mutum, ya bi ta kasuwar nan ɗaya ya ga ta zama kango, ba kowa sai gawawwaki a tsaitsaye. Ba wata kalma da aka faɗa masa a wurin, ba a kuwa bukata. Abin da ya sa wannan ya ke ratsa zuciya shi ne mai tsarawa ya tabbata kowa ya ga kasuwar a raye kafin ya gan ta a mace. Da an bar wa mai wasa zaɓi, da rabin masu wasa sun fara da kangon.

Amma tsarin yana da lahani, lahanin kuwa ya yi ta girma. Kulle mai mabuɗi ɗaya ba ya neman tunani da yawa, sai dai a gane wane mabuɗi aka nufa. A Twilight Princess na 2006 an ba Link wani faifai mai juyi kamar katantanwa, ya yi aiki mai ban sha'awa a gida guda, daga nan ya koma kwance cikin jaka sai jifa-jifa. Skyward Sword na 2011 shi ya kai abin maƙura. Ƙasar ta zama yanki uku waɗanda ba su haɗe da juna, a koma musu a sake komawa. Dodo guda a yaƙe shi sau uku. Ga kuma Fi, aljanar takobi, wadda ta kan tsai da wasa ta bayyana abin da mai wasa ya riga ya gani da idonsa. Malami ne wanda ya yi tambaya bai jira ɗalibi ya ɗaga hannu ba.

An fara sassautawa a A Link Between Worlds na 2013, inda a ke hayar kayan aiki a kanti, mutum ya shiga yawancin gidajen yadda ya ga dama. Breath of the Wild na 2017, wanda Hidemaro Fujibayashi ya jagoranta, shi ya rushe tsarin gaba ɗaya, abin mamaki kuwa shi ne mutumin da ya jagoranci Skyward Sword. A kan tudun farko a ke ba Link duk manyan dabarunsa: jan ƙarfe da maganaɗisu, nakiya, tsai da abu cak, da daskarar da ruwa, sa'an nan a ba shi lemar sauka daga sama. Daga nan ba sauran kulle. Wanda ya so ya nufi Ganon kai tsaye da sanda a hannu, ba mai hana shi. Maimakon ƙamus mai kalmomi da yawa, an ba shi aikatau kaɗan da ƙa'idodin haɗa su. Wuta tana cin ciyawa, zafinta yana ta da iska, iskar tana ɗaga lema. Ƙarfe yana jawo tsawa, saboda haka mai hankali ya kan tuɓe takobi in hadari ya taso, mai wayo kuwa ya jefa wa abokan gaba nasa. Da haka mai wasa ya kan ƙulla jimlar da mai tsarawa bai taɓa ji ba, ta kuwa zama daidai. Wannan shi ne bambancin wanda ya haddace jimloli da wanda ya iya harshe, kuma lalle babban ci gaba ne.

Sai dai an biya shi da tsada, masu yabo kuwa ba su cika faɗar kuɗin ba. Tun da ba a san inda mai wasa zai fara ba, tilas kowane wuri ya zama wanda za a iya farawa da shi. Ɗakunan gwaji 120 da aka warwatsa cikin ƙasar bangonsu iri ɗaya ne, ba kuwa wanda zai iya dogara ga darasin wani. Manyan gidaje huɗu da suka maye gurbin gidajen dodanni, aikin cikinsu ɗaya ne, a kunna na'urori a yaƙi dodo. Labari kuwa, da ya ke ba ya rayuwa sai da jeri, an kwashe shi an kai baya da shekara ɗari, aka mai da shi tunani wanda Link ke tsinta guntu-guntu. A nan dabarar ta yi daidai, domin mutumin da mantuwa ta kama haka tunani ke dawo masa, ba a jere ba, kuma kangayen da ya ke ratsawa suna ba da rabin labarin.

A Tears of the Kingdom na 2023 aka sake wannan dabara inda ba ta dace ba. Ta wajen nahawu wasan ya zarce na gabansa, gama an ƙara ikon manna abu da abu, har mutum ya haɗa keke ko jirgin sama da katako da farfela. Amma labarinsa asiri ne, watau ina Zelda ta shiga, asiri kuwa ba ya jure a fara shi daga ƙarshe. Wanda ƙafarsa ta kai shi ga guntun ƙarshe da wuri ya san amsar, sa'an nan ya yi ta yawo cikin mutanen da ke tambayarsa labarin gimbiya, Link bai ce musu uffan ba. Haka kuma a ƙarshen kowane ɗaya daga manyan gidaje huɗu na yankuna a kan ba da labarin tsohon yaƙi guda kusan da kalmomi ɗaya, don ba a san wanne mai wasa zai fara gamawa ba.

Domin a ga ko akwai hanya ta uku, sai a koma baya ga Majora's Mask na 2000, wanda Eiji Aonuma da Yoshiaki Koizumi suka jagoranta, aka kuwa gina shi da kayan Ocarina of Time cikin ɗan lokaci. Gidajen dodanninsa huɗu ne kacal, suna da kulle irin na da, amma ba a nan ƙarfinsa ya ke ba. An ɗauke babban kullen daga ƙofa an sa shi a kan lokaci. Wata zai faɗo wa garin bayan kwana uku, kimanin minti 54 na agogon gaske in ba a rage gudun lokaci ba, kuma Link yana iya busa sarewa ya koma safiyar farko. Mutanen garin kowa da harkarsa, awa bayan awa, ko an kalle shi ko ba a kalle shi ba. Mai wasa yana da ikon zuwa inda ya so, amma jerin abubuwa yana hannun mai tsarawa, gama rana ta biyu ba ta riga ta farko. Wanda ya zaga garin sau da yawa zai ga yadda masassaƙa ke raguwa a dandali, yadda kiɗan garin ke ƙara sauri, yadda masu musun faɗowar wata ke yin shiru.

Labarin Anju mai masauki da Kafei wanda zai aure ta shi ne misali mafi kyau. An mai da Kafei yaro da sihiri, ɓarawo kuma ya sace masa abin rufe fuska na bikin aure, ya ɓuya don kunya. Haɗa su yana cin kwana ukun duka, da wasiƙa da alkawari da jira, ba su kuwa saduwa sai saura kaɗan wata ya faɗo, bayan dangin Anju sun gudu sun bar ta a ɗaki. Ga kuma abin da ya fi: a daren farko ɓarawon nan ya kan yi wa wata tsohuwa fashi, wanda ya cece ta kuwa ya toshe hanyar da Kafei zai bi sawun ɓarawon, auren ba zai yiwu a wannan zagaye ba. Ba a iya taimakon kowa a kwana uku ɗaya. Sa'an nan a busa sarewa, duk abin da aka gyara ya warware, Anju ta koma bayan teburinta tana jira. Ba wani wasa cikin jerin da ya sa zaɓin mai wasa ya yi nauyi haka, ko Breath of the Wild da faɗin ƙasarsa, domin a can duk abin da aka bari yau ana tarad da shi gobe yadda ya ke.

Echoes of Wisdom na 2024, inda Zelda ce da kanta a ke wasa da ita, ya mai da gidajen dodanni irin na da, ya kuma bar mai wasa ya warware ɗakunansu ta hanyoyi da dama, da gado ko tulu ko dodon da ya kwafa. Sulhu ne tsakanin 1991 da 2017, ya kuwa yi kyau gwargwado. Dabarar kwana uku dai, in ban da sabunta wasan kansa da aka yi a 2015, ba a sake gina wani babban wasan Zelda a kanta ba.