Zoɓon Rigachikun: yadda ake gane na kirki a cikin mai araha

Motar da ta taso daga Kawo za ta Zariya ba ta gama ɗaukar gudu ba take isowa Rigachikun. Garin yana cikin ƙaramar hukumar Igabi, a bakin babban titin Kaduna zuwa Kano, kuma a nan filin bajekolin ƙasa da ƙasa na Kaduna yake, haka ma hedikwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI. Duk inda mota ta rage gudu a wannan tsakanin sai yara sun yo mata caa da kuloli da bokitai: ga zoɓo, ga kunun aya, ga kunun zaƙi, ga lamurje. Baƙo yana miƙa hannu ne ya karɓi wanda ya fi kusa da taga. Ɗan gari kuwa sai ya ɗaga gorar ya duba ta a hasken rana, ya tambaya na gidan wa ne, na yau ne ko kwanan firji, kafin ya zaro kuɗinsa.

Waɗannan tambayoyi ilimi ne mai zaman kansa, duk da ba wanda ya rubuta shi. A Faransa da Italiya, inda giyar inabi take kan teburin abinci kullum, akwai mujallu da marubutan da sana'arsu ke nan, su faɗa wa mai ƙaramin ƙarfi kwalbar da za ta yi masa daɗi ba tare da ta huda masa aljihu ba. A arewacin kogin Kaduna, inda Musulmi suka fi yawa, giya ba ta cikin lissafi. Kamfanin da ke yin ta ma a can Kakuri, ƙetaren kogi, ya kafa masana'antarsa a 1963. Amma buƙatar ɗaya ce: abin sha na yau da gobe, mai ɗanɗanon da harshe zai tsaya a kansa, wanda ɗan acaba da malamin firamare za su iya saye ba sai an yi albashi ba. A nan zoɓo ne ya riƙe wannan gurbi, kuma masu shan sa suna da ma'aunansu.

Abin da masu nazarin giyar inabi suka gano game da tsada ya shafi mai shan zoɓo kai tsaye. A 1976 wani ɗan kasuwar Ingila mai suna Steven Spurrier ya tara ƙwararrun Faransa a birnin Paris, aka ba su giya iri-iri ba tare da sun ga kwalaben ba, sai ga shi sun fifita ta California a kan tasu da suke taƙama da ita. A 2008 kuma masu bincike a jami'o'in Caltech da Stanford a Amurka suka ba mutane giya iri ɗaya sau biyu, sau ɗaya aka ce musu ta dala 10 ce, sau ɗaya aka ce ta dala 90. Mutanen suka ce mai tsadar ta fi daɗi, hoton ƙwaƙwalwarsu ma ya nuna da gaske suke, sun fi jin daɗin. Farashin ne ya shiga bakinsu kafin abin shan.

Wanda yake zuwa biki a Kaduna ya san wannan ba tare da na'ura ba. A teburin manyan baƙi ake jera kwalaben ruwan inabi marar bugarwa, irin su Eva da Pure Heaven, masu dogon wuya da takardar gwal a baki. Zoɓo yana can baya, a jarka, wajen 'yan rakiyar amarya. In an cire kumfa da ƙarar buɗewa, abin da ke cikin kwalbar ruwan 'ya'yan itace ne mai zaƙi da iskar gas, kuma kuɗin guda ɗaya zai shayar da layi guda na masu jarka. Ba laifi ba ne a karrama baƙo da kwalba. Sai dai sau da yawa in biki ya watse, zoɓon ne ake tambayar wadda ta haɗa.

Zoɓo ɓawon da ke lulluɓe da ƙwallon 'ya'yan yakuwa ne. Ganyen yana shiga miya da fate da kwaɗo, 'ya'yan, wato gurguzu, ana yin daddawar batso da su, shi kuma jan ɓawon a ɓare shi a shanya. Ana shuka yakuwa da damina, sau da yawa a gefen gonar gero ko gyaɗa, a girbe bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da hunturu ke shigowa. Jigawa ce ta yi fice wajen nomansa, musamman yankin Gumel da Maigatari, sai Kano da Katsina. Daga can yake bin hanyar kasuwar Dawanau, wani ya gangaro Kaduna, zuwa Kawo da Kasuwar Bacci da babbar kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, inda matan Rigachikun suke auno shi da kwano.

Wani kuma ba ya tsayawa sai tashar jirgin ruwa ta Legas. Meziko ce babbar mai sayen zoɓon Nijeriya, domin can ma shan sa suke yi da sanyi, a gidajen abinci da bakin titi. Masar da Sudan suna da nasu karkade, Senegal tana da bisab, Gana tana da sobolo. Wannan kasuwa ta waje tana da tasiri a kan gorar da yaro ke miƙowa ta taga. Dillalin da zai cika kwantena yana son zoɓo mai duhu, busasshe ƙarau, marar ƙasa da tsakuwa, kuma yana biya da lissafin dala. Mai ƙulla na naira kaɗan a cikin gida da shi take gogayya a kan buhu ɗaya.

To, ta yaya ake gane na kirki?

Tun daga kwano ake farawa. Sabon zoɓo yana da sheƙi, ja ne mai duhu kamar zai koma baƙi, in an murza shi yana karyewa, kuma ƙamshinsa yana tashi. Wanda ya shekara a sito yana dusashewa ya koma ruwan ƙasa, ya riƙa warin buhu. Masu sana'a sun fi son baƙin zoɓo domin yana ba da kala sosai, kaɗan ya isa ya rina bokiti. Ja mai haske ya fi tsami, shi ya sa wasu suke gauraya biyun, ɗaya ya ba da kala ɗaya ya ba da cizo. Farin zoɓo ma akwai shi, tsaminsa ya fi na kowa, yawanci miya yake tafiya. Jan launin nan kuwa daga sinadarin antosayanin yake, dangin wanda yake rina fatar baƙin inabi. Shi ya sa in mace ta jefa kanwa don ta kashe tsami, kalar take juyawa ta yi duhu zuwa shuɗi-shuɗi. Kanwa kaɗan tana gyara zoɓo. In ta yi yawa sai ya yi lami, ya bar wani santsi a harshe, kuma wanda ya saba sha yana ganewa a kurɓin farko.

Sai dahuwa, inda aka fi samun saɓani. Wasu matan suna tafasa shi da citta da kanumfari da ɓawon abarba har sai ruwan ya yi kauri. Wasu suna cewa doguwar tafasa tana fito da bauri, gara a tafasa ruwa da kayan ƙamshi, a sauke, a zuba zoɓon a rufe ya jiƙu. Na biyun ya fi fitowa garau, ƙamshinsa ya fi tsayawa, amma ya fi cin zoɓo, don haka ba kowace mai talla ce za ta jure masa ba. Wadda take lissafin riba tana tafasa tukunya ɗaya sau biyu, ta haɗe ruwan fari da na biyu. Ruwa na uku shi ne wanda ake ɗagawa a rana a ga yatsu ta cikin gorar, a ce ya sha ruwa.

Zoɓon da ya amsa sunansa tsami ne yake fara isowa, sannan zaƙi ya biyo ya tare shi, daga ƙarshe citta ta tsaya a maƙogwaro, kanumfari ya fito ta hanci. In zaƙi ya riga kowa isowa kuma shi ya rage bayan an haɗiye, to an ɓoye wani abu. Da sukari da filebo ake rufe tsohon zoɓo da ruwa na uku, kuma a ra'ayin mai wannan rubutu su biyun ne suka fi yi wa wannan abin sha illa a shekarun nan. Filebon abarba ko na kola yana mayar da zoɓon gida goma iri ɗaya, ya shafe bambancin hannu, alhali bambancin hannun ne dalilin da ya sa ake tambayar na gidan wa ne. Waɗanda suka riƙe tsohuwar hanya suna zaƙaƙa nasu da mazarƙwaila ko dabino, wasu su markaɗa kokwamba ko abarbar kanta su tace a ciki, wasu su jefa na'ana'a bayan an sauke. Ya ɗan fi tsada, amma har yanzu bai kamo lemon kwalba ba.

Maganar lafiya ma a nan take shigowa, domin kowa ya ji an ce zoɓo yana sauke hawan jini. Akwai ƙamshin gaskiya. A 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka suka buga sakamakon gwajin da suka yi da mutum 65 waɗanda jininsu ya fara hawa. Waɗanda suka sha kofi uku na shayin zoɓo kullum har mako shida, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan maki 7. Amma shayin zoɓo aka ba su, ba na talla mai ludayin sukari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada sukarin da babban mutum yake sha a yini ya wuce kimanin giram 50, kusan ƙaramin cokali 12. Gwamnatin Nijeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemon kwalba mai sukari a dokar kuɗi ta 2021, amma harajin bai san hanyar tsakar gidan da ake ƙulla zoɓo ba.

Akwai abin da ya fi sukari haɗari. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti a Kano, wasu suka rasu, bayan sun sha abin sha da aka haɗa da garin lemo da wani sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami. Hukumar NAFDAC ta shiga kasuwanni ta kama kaya. Masu haɗa abin sha suna sayen ɗan tsami ne domin ya fi tsamiya da lemon tsami araha, ƙulli ɗaya ya tsamama babban baho. Zoɓo na gaske ba ya buƙatarsa, da tsaminsa ya zo. Wanda aka ga yana neman taimakon garin ɗan tsami, to zoɓon cikinsa ne ya yi kaɗan. Tun bayan abin da ya faru a Kano tambayar gidan da aka yi zoɓon ta ƙara nauyi, domin gorar ba ta da lamba, ba ta da ranar lalacewa, sau da yawa ma tsohuwar robar lemo ce aka tsinto aka wanke. Abin da mai saye ya dogara da shi kawai shi ne ya san matar, ya san rijiya ko famfon da take ɗiba, ya san 'ya'yanta ma shi suke sha. Shi ya sa mai zoɓon da ta yi suna a unguwa ba ta wasa da hannunta. Ranar da ta yi tafiya ƙanwarta ta haɗa, kafin la'asar an aiko ana tambaya ko Hajiya ba ta nan ne.

Sanyi kuma shi ne rabin kuɗin. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tada janareta don firji ya fi ƙarfin ƙaramar sana'a, ga wutar lantarki ba ta da tabbas. Mafi yawa sun koma sayen ƙanƙara, a fasa a jera a kula. Da zafin Maris da Afrilu, ko in azumi ya faɗo a bazara, kuɗin ƙanƙara yana iya kamo na zoɓon da sukarin. Kunun aya ya fi shan wahala, domin aya da dabino da kwakwa ba sa jure zafi, 'yan sa'o'i kaɗan ya juya. Kunun zaƙi yana ɗan daurewa. Zoɓo ya fi su duka, tsaminsa yana kare shi, abin da ya sa ya fi yawa a bakin titi.

Amma shi ma yana da iyaka. Ruwa mai sukari in ya zauna a zafi, ƙwayoyin yis da ke cikin iska da jikin ɓawon abarba suna fara cin sukarin, su fitar da iska da barasa. Hanyar da ruwan inabi yake bi ya zama giya ke nan, ba wata ba. Gorar takan kumbura ta yi tauri, in an buɗe ta yi tsaki, kumfa ta taso, ƙamshin ya koma wani iri. Malamai sun daɗe da sanin wannan mas'ala a babin nabizi, wato ruwan da aka jiƙa dabino ko zabibi a ciki. A Sahihu Muslim an ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) yakan sha irin wannan jiƙo har zuwa yammacin kwana na uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar. A zafin Kaduna, in babu firji, zoɓo ba ya ma kai wa nan.

Don haka matan da suka daɗe a sana'ar ba sa dafa na kwana biyu. Da asuba ake ɗora tukunya, da hantsi a tace a ɗura, a auna daidai abin da yara za su iya sayarwa kafin magariba. In wani abu ya dawo kuma aka yi sa'ar wuta a daren, sai a juye shi a ƙananan ledoji, a ƙulla, a daskarar, washegari a sayar wa 'yan makaranta a lokacin tara.