Surfani a Cikin Gida: Tsakanin Allura, Keke da Kwamfuta

Babbar rigar da ake ji da ita a ƙasar Hausa ba ta taɓa zama aikin mutum ɗaya ba. Masaƙi ne ke fitar da ƙyalle siriri, tela ya harhaɗa shi ya zama riga, mai zane ya zauna da alƙalami ya shata aska da tambari a kan ƙirji da baya, mai surfani ya bi shatin da allura, daga nan a kai wa masu bugu su daka ta da gudumar itace har ta yi sheƙi, sannan dillali ya fita da ita kasuwa. A cikin wannan jeri, mai surfani ne ya fi kowa daɗewa da riga a hannu, domin aiki mai nauyi kan ci watanni. Surfani ne kuma matakin da ya fi sauyawa a cikin shekaru hamsin ɗin nan: ya tashi daga zaure ya shiga cikin gida, ya tashi daga hannun maza ya koma hannun mata da yawa, sannan keke da kwamfuta suka shigo suna neman rabonsu.

Sana'ar tana da tushe mai zurfi. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar da birni wanda arzikinsa ya dogara kan saƙa da rini, tufafinsa na kaiwa har Timbuktu da ƙasashen da ke hayin Sahara. A daular Sakkwato riga kyauta ce ta girmamawa, sarki kan ba hakimi ko malami ko baƙo mai daraja, kuma yawan aikin da ke jikinta ne ke nuna matsayin wanda aka ba. Zaren ma yana da daraja hawa-hawa: akwai na auduga, akwai tsamiya da ake samu daga tsutsar daji, akwai alharini mai launin ja da fatake ke ƙetaro hamada da shi. Nufawa sun yi suna wajen iya wannan aiki, har rigar Nufe ta zama abin kwatance. Sunayen zanen kuwa har yau suna bakin mutane: aska biyu, aska takwas, malum-malum, 'yar Dikwa, ga dagin Arewa da ake gani a riga, a bangon gida, a kuma jikin fata. Da yawa daga masu shata waɗannan zane malamai ne da almajirai, mutanen da hannunsu ya saba da alƙalami da zayyanar allo, shi ya sa layukan suke da tsari da ma'auni. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya shafe shekarun 1970 yana nazarin wannan fasaha.

A wancan zamani surfanin riga aikin maza ne. Mata suna da nasu fagen: kaɗi, saƙar zane, daga baya kuma saƙa da kwarashi da ƙawata zanen gado da rigar filo da labule domin ɗakin amarya. Birnin Zazzau ne ya fi nuna yadda wannan iyaka ta rushe. Daga wajen ƙarshen shekarun 1970, maza da yawa suka bar allura, wasu suka kama aikin albashi, wasu suka koma kan keken surfani da ke gama a yini ɗaya abin da hannu ke yi a makonni. A daidai wannan lokaci kasuwar babbar riga da hula ta buɗe, musamman a jamhuriya ta biyu, daga 1979 zuwa 1983, sa'ad da shigar Shugaba Shehu Shagari ta zama abin koyi ga 'yan siyasa da 'yan kasuwa. Matan aure da ke cikin kulle suka karɓi aikin. Sun fara da hula, suka haura zuwa kaftani da babbar riga. Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin tsuke bakin aljihu na SAP na 1986 ya ƙara tura su, domin kuɗin cefane ya daina isa. Elisha Renne, wadda ta yi bincike mai tsawo a birnin, ta rubuta wannan tarihi, kuma a shekarun 1990 aka kafa ƙungiyar mata masu surfani mai ɗauke da sunan Sarauniya Amina.

Dalilin da ya sa aikin ya zauna daram a cikin gida a fili yake. Jarinsa allura ce da zare. Ba ya buƙatar wuta, ba ya ƙara, ana iya ajiye shi a duba tukunya ko a shayar da yaro, a dawo a ci gaba daga inda aka tsaya. Yaro ne ke kawo riga daga wurin mai ita, shi ke mayarwa. Da kuɗin ake zubin adashi, ake tara kayan ɗakin 'ya mace, ake biyan bukatun biki da suna. Sai dai akwai ɓangaren da ba a cika faɗa ba: matar da ta kashe idonta wata biyu a kan riga ita ce mai ƙaramin kaso. Mai riga ne ke sayen shadda, shi ke biyan mai zane, shi ya san mai saye, don haka shi ke yanka farashi. Ita ladan ɗinki kawai take karɓa, sau da yawa ma ba ta san nawa aka sayar da abin da ya fito daga hannunta ba.

Keke ya shigo ta ƙofa biyu. Na farko shi ne keken ɗinki na gida, irin Singer da Butterfly, na hannu ko na ƙafa, wanda ya zama cikin kayan da iyaye ke saya wa 'yarsu, kuma gwamnatoci da ƙungiyoyi ke rabawa idan an yaye mata daga koyon sana'a. Wannan keke ɗinki yake yi miƙe: kayan yara, hijabi, siket da riga, zanen gado, gyaran abin da ya yage. Na biyu shi ne keken surfani na shago, mai ɗinkin sarƙa ko mai kai-komo, wanda tela ke juya ƙyalle a ƙarƙashinsa yana bin shati. Masu kukan cewa keke ya kashe sana'a sukan manta cewa wannan ma gwaninta ce. Hannun da ke juya ƙyalle yana bin lanƙwasar tambari ba tare da ya kauce ba ya sha horo na shekaru. Kuma keke ne ya sa malamin makaranta da ɗan kasuwa mai ƙaramin ƙarfi suka iya sa riga mai aiki ranar Sallah, abin da a da sai mai sarauta ko attajiri.

Duk da haka ido mai sani yana rarrabewa. Aikin hannu yana da 'yan ƙananan huda da ake zagaye kowace da zare, ɗaya bayan ɗaya, har fili ya cika. Yana kwanciya a jikin yadi, yana laushi da wanki, in an juya bayansa za a ga sawun allura da inda aka ƙulla zare. Aikin keke ya fi tauri, zarensa ya fi ƙyalli, bayansa na nuna zaren ƙasa a miƙe iri ɗaya. Kowanne da ranarsa da farashinsa. Laifin da ake yi shi ne a sayar da na keke da sunan na hannu, domin wannan algus ne, kuma matar da ke zaune da allura ce yake karya wa kasuwa.

Na'urar kwamfuta, wadda teloli ke kira monogiram, ta zo da wani sauyi dabam. A nan hannu ba ya bin zane ko kaɗan. Ana shirya zanen a kwamfuta, a faɗa wa na'ura inda kowace allura za ta sauka da launin da za ta ɗauka, a sa a filash, a ɗaure yadi a cikin zobe, a danna. Manyan na'urori irin na kamfanin Tajima na Japan suna da kawuna da yawa, suna fitar da wuyan riga iri ɗaya a jere a lokaci guda. Akwai kuma ƙanana na gida, irin na Brother da Janome, masu dacewa da rubuta suna a tawul ɗin jariri, fure a rigar filo, ado a bakin mayafi ko tambarin makaranta a aljihun yunifom. Ga mace mai aiki a ɗakinta wannan dama ce ta gaske, amma tana da sharuɗɗa: kuɗin saye mai yawa, wutar da ba ta yawan yankewa, da makanikin da ya san cikinta idan ta tsaya.

Abin da ya fi damuna game da wannan na'ura shi ne zanen da take zuwa da shi. Ƙananan na'urorin gida suna zuwa da furanni da haruffan da aka tsara domin gidajen Turai da Amurka da Asiya, sauran kuma ana sauko da su daga intanet ko a kwafa daga filash ɗin wani. Cikin sauƙi sai a wayi gari ɗakin amarya a Kano da na Maraɗi da na Kumasi duk fure ɗaya ne, wanda ba wanda ya san sunansa. Aska takwas ta rayu daga zaren tsamiya zuwa zaren kanti, daga saƙi zuwa shaddar Getzner, daga hannun namiji zuwa na mace, saboda a kowane zamani akwai wanda ya iya shata ta, ya san inda wuƙaƙen ke tsayawa da yadda tambari ke daidaita nauyin aljihu. Ranar da aka rasa mai wannan sani, ko allura na hannun kowa, sana'ar ta zama kwaikwayo.

Saboda haka nake ganin gardamar hannu da keke ta ɗauke mana hankali daga inda matsalar take. Mai riƙe da zane shi ke riƙe da sana'a, shi ke kuma riƙe da riba. Mata sun karɓi allura tun shekaru arba'in da suka wuce, amma alƙalamin shati da hulɗa da mai saye sun fi zama a hannun maza. Yanzu waya ta rage wannan tazara: mace na iya ɗaukar hoton aikinta ta nuna a WhatsApp ko Instagram, ta yi ciniki da mai saye a Abuja ko Yamai ba tare da ta taka ƙofar gida ba. Abin da ya rage shi ne ta mallaki zanen kanta.

Cibiyoyin koyar da sana'a da ke raba keke suna iya ƙara darasi biyu a kan yanka da ɗinki: shata zanen gargajiya da hannu, da shigar da shi cikin kwamfuta. Tsofaffin masu zane na Zazzau da Kano da Bida suna nan da ransu, ya kamata a biya su su koyar, a kuma tattara zanensu da sunayensu da sunan wanda ya shata kowanne. Sassan koyar da fasaha na jami'o'i da kwalejojin kimiyya suna da ɗaliban da za su iya wannan aiki. Mai ɗinki a gida kuma ba sai ta fara da babbar riga ba. Dagi ɗaya a kusurwar rigar filo, aska biyu ƙanana a wuyan rigar yaro, tambari a tsakiyar jakar hannu, duk ayyuka ne da ake gamawa a 'yan kwanaki, ana kuma sayensu. Ta faɗa wa mai saye gaskiya, wannan na hannu ne, wannan na keke ne, ta sa wa kowanne kuɗin da ya dace da wahalarsa. Idan 'yarta ta tashi tana ganin ana shata aska a gidansu, ta san sunanta da ma'auninta, to ko wace irin na'ura zamani ya kawo nan gaba, za ta sami abin da za ta ba ta ta ɗinka.