Gwajin Widal Ba Zai Gano Dalilin Gajiyar Manomin Auyo Ba

Manomin shinkafa a fadamun Auyo zai yi wata huɗu jikinsa a mace, barci ba ya wartsakar da shi, ya je ɗakin gwaji, a miƙo masa takarda: "maleriya da taifod". Ya sha magani, bayan sati uku ya dawo, a sake miƙo masa irin ta.

Matsalar tana cikin gwajin Widal ɗin kansa. Tun 1896 wani likitan Faransa, Fernand Widal, ya ƙirƙiro shi, kuma ba ƙwayar taifod yake gani ba, martanin garkuwar jiki yake aunawa. Wanda ya taɓa yin taifod a baya, ko mai zazzaɓin cizon sauro, duk gwajin na iya cewa suna da ita. Ɗiban jini sau ɗaya ba hujja ba ce. Ballantana ma taifod ciwon zazzaɓi ne na makonni, ba kasalar rabin shekara ba.

Akwai ciwon gajiya mai naci da likitoci ke kira ME/CFS. Babu gwajin jini da ke nuna shi. Babbar alamarsa ita ce ɗan aiki kaɗan ya kwantar da mutum washegari, wani lokacin har kwanaki. Hukumar NICE ta Ingila, a ƙa'idojinta na 2021, ta ce sai alamun sun kai wata 3 kafin a tabbatar, bayan an duba fitsari, yawan jini, sinadarin ƙarfe, suga, hanta, ƙoda da maƙoƙo don kawar da wasu cututtukan.

To amma wannan jerin ma don marasa lafiyar Ingila aka tsara shi. Mutumin da ke wuni cikin ruwan noman rani na kwarin Haɗeja, tsargiya ya kamata a fara nema masa: ƙwayayenta suna fitowa a fitsari ƙarƙashin madubin likita, kuma tana shanye jini a hankali. Sai tsutsar ciki, tarin fuka, ciwon hanta da ƙanjamau. Gwajin ƙoda kuwa ba abin tsallakewa ba ne a yankin da ake kukan ciwon ƙoda daga Haɗeja har Gashuwa.

Kuɗin da ake zubawa a Widal sau uku da maganin da ba a buƙata, da an sa su a gwajin yawan jini da na fitsari tun zuwan farko, da an fi kusa da amsa.